Ɓarawon Shayin Madugu Barmu

An ce wai a can arewa, a wani gari da ake kira Kwarin Aduwa, inda ayarin gishiri ke sauke kaya raƙuma su sha ruwa, an yi wani alƙali mai suna Ma'azu. Mutum ne marar yawan magana, marar saurin hannu. In an kawo masa ƙara, ya fi kallon wanda ya yi shiru a kan wanda ke ɗaga murya. Amma ku ɗan dakata mini, ba da shi labarin ya fara ba. Da wani tsoho ya fara, mai taurin kai kamar gindin aduwar da aka sa wa garin sunanta.

Sunan tsohon Barmu. A ƙuruciyarsa madugu ne, shi ke gaban ayari, kuma har ya tsufa ya ajiye sanda ba a daina ce masa Madugu ba. A wajen Buzaye ya koyo shan shayi, ya kuwa koye shi har ya fi malaman nasa. Tun da sassafe, kafin komai ya shiga cikinsa, zai hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa, ya cika ta da ganye, ya bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya yi kauri. Ya sha na fari, ya sha na biyu, ya sha na uku. Da hantsi ya sake, da la'asar ya sake. Ganyen kuwa a cikin wata jakar fata yake ajiye shi, a rataye a ɗakinsa, kuma duk gidan an san ba a taɓa ta.

To, jikin saurayi daban, na tsoho daban. Da shekaru suka ja, barci ya ƙaurace wa Barmu. Ƙirjinsa ya riƙa zafi, hannunsa na rawa, zuciyarsa na bugawa kamar ana kiɗan kalangu a cikin rigarsa. Tuwo ma sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Wanzamin garin ya duba shi ya ce shayin nan ne, ya rage. Barmu ya raka shi har ƙofar gida da baki, yana cewa, "Saura ka ce in rage numfashi!"

Matarsa Kuluwa, wadda suke tare tun gashin kansu na baƙi, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, duk a banza. Amsarsa guda ce kullum: "Kuluwa, ki taɓa rawanina, ki ja gemuna in kin so, amma kada hannunki ya kai kan jakar nan."

Akwai mutum ɗaya da Barmu ke sayen ganye a wurinsa, shi ne Anaruwa, amininsa tun zamanin fatauci. Sun sha ƙishirwa tare, sun binne abokai tare a cikin rairayi. Anaruwa gajere ne, Barmu dogo, saboda haka wannan na ce wa wancan Raƙumi, wancan na ce wa wannan Gajere, har jikokinsu sun ɗauka sunayen yanka ne. Anaruwa yana da rumfa a kasuwa, kuma ba shi da wata dukiya da ta wuce wannan rumfa da sunan da ya yi na mai kaya masu kyau.

Wata rana Kuluwa ta yafa mayafi ta same shi a rumfa, lokacin da babu mutane.

Ya ce, "A'a, matarmu ce da kanta? Lafiya dai? Ko Raƙumi ya tsinke akala?"

Ta ce, "Malam Anaruwa, ba wasa ya kawo ni ba. Abokinka yana ƙarewa a gabana ina kallo. In ka daina sayar masa, zai saya a wani wuri. In na ɓoye, zai tashi gidan. Kai ka san ganye. Babu yadda za a yi a rage masa ƙarfi, shi bai sani ba?"

Anaruwa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya rage murya ya ce, "Akwai. Ki zuba masa ruwan zafi, ki ɗan jira, ki tsiyaye ruwan ki zubar. Yawancin ƙarfin a ruwan fari yake fita. Ki shanya a inuwa, ba a rana ba, in ya fara bushewa ki murza shi a tafin hannu ya koma ya nannaɗe. Amma a hankali za ki bi shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har harshensa ya saba. Kuma matarmu, wannan magana daga ni sai ke."

Ta ce, "Daga ni sai kai, sai Allah."

Haka ta riƙa yi. Duk ranar da Barmu ya tafi zaman hira a ƙofar gari, sai ta sauke jakar, ta ɗauraye ganyen, ta shanya a faifai bayan rumbu, ta zauna tana murzawa har tafin hannunta ya yi ja, kunnenta na kan ƙofa. Allah kuwa ya sa wa abin albarka. Barci ya dawo wa Barmu, rawar hannu ta tafi, ya koma share kwano yana tambayar ƙari. Ya riƙa bugun ƙirji a majalisa yana cewa, "Ina wanzamin nan? Ga ni ina shan shayina, ga ni garau!" Kuluwa in ta ji, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Sai dai akwai abu guda da ta manta, kuma shi ya ɓata lissafi. A al'adar masu shayi, kofin fari na baƙo ne, kuma ɗacinsa shi ne girman da aka ba baƙon. Da ta sani, da ta ware ɗan ganye mai ƙarfi saboda irin wannan rana. Ba ta ware ba.

Ranar nan sai ga Agali, wani tsohon Buzu da suka yi tafiya tare da Barmu shekaru aru-aru, ya sauka a zaurensa. Barmu ya yi murna har ya rasa inda zai sa shi. Ya kira maƙwabta, ya hura gawayi, ya dafa, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya har kumfa ta tashi, ya miƙa wa baƙo kofin fari da hannu biyu. Agali ya sassauta amawalin da ya rufe bakinsa, ya kurɓa, ya dakata. Ya sake kurɓa. Sannan ya yi dariya irin ta tsohon aboki, ba da mugunta ba, ya ce, "Madugu, ashe tsufa ya kai ka ga shan ruwan wankin buta? Wannan ganye ai wani ya riga ka shan sa."

Maƙwabta suka yi dariya. Barmu bai yi ba.

Kun san zuciya ba ta da ƙashi, ta Barmu kuwa ko tsoka ba ta da ita, wuta ce zalla. Washegari ranar kasuwa ce. Ya ɗauki jakarsa ya nufi rumfar Anaruwa, mutane cike, ya ɗebo ganye ya watsa a gabansa.

Ya ce, "Gajere! Ni za ka yi wa haka? Ka bi gidajen mutane kana tsince ganyen da aka sha aka zubar, ka shanya ka sayar mini? Ni da na ɗauke ka a bayana ranar da raƙuminka ya mutu? Jama'a, ku duba kayan da kuke saya!"

Anaruwa ya dubi ganyen, ya dubi abokinsa. Kalma guda za ta wanke shi, amma kalmar nan sunan Kuluwa ce, a tsakiyar kasuwa, a kunnen mutumin da wuta ke ci. Ya san Barmu: zai kore ta a ranar, ya yi nadama washegari, girman kai kuma ya hana shi zuwa biko har ƙasa ta rufe ɗayansu. Sai ya haɗiye kalmar, ya ce, "Raƙumi, ka yi haƙuri."

To, magana zarar bunu ce. Kafin rana ta faɗi, duk garin ya ji cewa Anaruwa ya ba da haƙuri, wanda ya ba da haƙuri kuwa ai ya amsa laifi. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka saya jiya suka dawo da shi. Barmu bai tsaya nan ba, ya kai ƙara gaban Alƙali Ma'azu, yana neman a kori Anaruwa daga kasuwa.

Ranar shari'a zauren alƙali ya cika har waje. Barmu ya faɗi ƙararsa da ƙarfi, ya ajiye jakarsa a gaban alƙali. Alƙali ya juya ya ce, "Malam Anaruwa, me ka ce?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ni da ta cewa."

"Ka yi ko ba ka yi ba?"

"Allah gafarta Malam, abokina ne. Duk abin da aka yanke, na ɗauka."

Alƙali ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin masu laifi, sukan yi ta rantsuwa tun ba a tambaye su ba. Ya sha ganin waɗanda aka yi wa ƙazafi, sukan yi ta kumfar baki. Wannan kuwa ya yi zaune ne kamar kazar da ta kwanta kan ƙwai, ana korar ta ta ƙi tashi. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Dattawan wurin suka ce a dafa a ɗanɗana mana, ai gani ya kori ji. Aka dafa na jakar Barmu, aka zagaya da shi. Wani ya ce lami ne. Wani ya ce shi dai ya ji ɗaci, amma ya tuna yanzu ya gama cin goro. Surukin Barmu ya ce ko ruwan rijiya ya fi shi ƙarfi. Maƙwabcin Anaruwa ya ce bai taɓa shan mai kyau irinsa ba. Gardama ta kaure.

Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce, "Na gode wa dattawa. Amma na lura harshe yana da dangi, yana da maƙwabta, yana da surukai. Zan kira shaidar da ba ta san Barmu ba, ba ta san Anaruwa ba, ba ta cin goro."

Ya aiki mutanensa rumfar Anaruwa, shi Anaruwan na zaune a nan, ya ce su ɗebo daga kowane buhu, daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa. Shi kuma ya shiga gida ya fito da wata 'yar kwalba. Alƙalin nan da hannunsa yake haɗa tawadar da yake rubuta littattafansa. Tsofaffin ƙusoshi yake jiƙawa a ruwan tsamin gero har tsatsarsu ta narke, sannan ya haɗa ruwan da jiƙon bagaruwa, nan take ya koma baƙi. Ya kuma daɗe da lura cewa abin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda ke ɗaure harshe, akwai ɗan'uwansa a cikin ganyen shayi, kuma shi ma in ya gamu da ruwan ƙarfe baƙi yake komawa. Masu ilimin zamani, an ce mini, suna da wani dogon suna da suke kiran abin da shi, polifenol ko me, har da na'urorin auna shi masu tsada. Shi dai alƙali ƙusa da tsami ke gare shi, sun kuwa ishe shi.

Bai fara da kayan shari'a ba. Ya ce, "Kafin a karɓi shaida, sai an san ko mai gaskiya ce." Ya sa aka jera finjalai na gilashi a kan farin ƙyalle. Na farko ruwa ne zalla. Na biyu shayin gidansa ne, sabon ganye. Na uku wannan ganyen dai, amma wanda aka riga aka dafa aka tsiyaye aka sake dafawa. Ya tsoma alƙalamin kara a kwalba, ya ɗiga wa kowanne daidai wa daida. Ruwa ya zauna ruwansa. Sabon ganye ya rine nan take, baƙi wuluk, har ba a ganin ƙyallen ta cikinsa. Wanda aka sha kuwa ya ɗan yi toka-toka, kamar bayan kurciya.

Mutane suka ce, "Ikon Allah!" Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da ta kutso har bakin ƙofa, ta ce, "Malam, wannan in an kai shi gidan miji ai da an huta da gardama."

Aka yi dariya, har alƙali ya murmusa. Sannan ya sa aka auna ganyen buhunan Anaruwa da na jakar Barmu, cokali ɗaya, ruwa ɗaya, wuta ɗaya, aka sauke su lokaci guda, don kada wani ya ce an fifita wani. Ya bi su da ɗigo. Na buhun farko, baƙi. Na biyu, baƙi. Na sama, na tsakiya, na ƙasa, duk baƙi kamar tawada. Na jakar Barmu shi kaɗai ya tsaya fari-fari a cikinsu, kamar baƙo a taron dangi.

Alƙali ya ce, "Shaida ta yi magana biyu. Madugu bai yi ƙarya ba, an sha ganyensa kafin ya sha. Anaruwa kuma kayansa lafiyayyu ne, daga bakin buhu har gindinsa."

Barmu ya zabura. "To ashe ni kaɗai ya ware wa buhun banza, ya ɓoye!"

Nan mai rumfar da ke kusa da ta Anaruwa ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan kam a'a. Duk kasuwa ta san Madugu ba ya yarda a auna masa. Da hannunsa yake tsomawa a buhun da ya zaɓa, ya sansana, ya zuba a jakarsa, ya ɗaure."

In ganye ya bar rumfa da ƙarfinsa, ai saura wuri guda ke nan, wato gidan Madugu. Alƙali ya ga idanun mutane sun fara juyawa, ya ga kuma Anaruwa ya runtse nasa kamar wanda za a yi wa sakiya. Tsohuwar nan mai daddawa ta ce, "Ni dai na ce aljannu ne. An ce su ma suna son shayi."

Alƙali ya ce, "Iya, ban ce e ba, ban ce a'a ba." Ya juya ga Barmu. "Madugu, tun yaushe jikinka ya yi kyau haka? Bara na gan ka a masallaci, hannunka ko tasbaha ba ya riƙewa."

Barmu, duk da fushi, bai iya barin wannan ta wuce ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tun damina nake garau. Barci kamar jariri, tuwo malmala biyu. Jinin madugai ne. Amma ko wane ne ya sa hannu a jakata, na rantse da..."

Alƙali ya katse shi da murya mai kauri, wadda ba a saba ji daga gare shi ba. "Kada ka rantse a zaurena! Rantsuwa bayan hukunci take, ba gabansa ba."

Sannan ya gyara zama ya ce, "Ku saurara. Anaruwa ba shi da laifin algus, ya koma rumfarsa, wanda ya sake kiransa da wannan suna zai gamu da ni. Madugu kuwa an ɗauke masa abu, kuma haƙƙin wanda aka ɗauke wa abu shi ne a fara mayar masa da kayansa kafin a shiga neman wanda ya ɗauka. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin shayinsa. To za a mayar masa, ba ragi. Za a ajiye ganye daga buhun Anaruwa a nan zaurena, inda babu hannun da zai kai gare shi, mutum ko aljan. Madugu ya riƙa zuwa yana dafawa da kansa, yadda ya saba a da, ya sha iyakar son ransa. Ranar kasuwa mai zuwa, in yana so, zan faɗa masa sunan ɓarawonsa a gaban kowa."

Barmu ya ce, "Allah ya ƙara wa Malam daraja! Wannan ita ce shari'a."

Ranar farko ya zo da kaskon gawayinsa da butarsa yana taku ɗai-ɗai. Ya dafa, ya kurɓa, ya lumshe ido ya ce, "Yauwa! Barka da dawowa." Rana ta biyu ya zo idanunsa sun yi ja, ya ce sauro ne. Rana ta uku, da ya ɗaga buta, rabin shayin a ƙasa ya zuba, ya ce iska ce. Alƙali na gefe yana duba littafi, ko kuma yana yin kamar yana dubawa.

A ranar ce, da azahar, Kuluwa ta shiga gidan alƙali ta wajen iyalinsa, ta roƙi a yi mata iso. Ta durƙusa daga bayan asabari ta ce:

"Allah gafarta Malam, tuwon jiya ko taɓa shi bai yi ba. Ƙirjinsa ya dawo. Za a kashe mini shi. Ba sai an jira ranar kasuwa ba, ni ce na..."

Alƙali ya ce, "Inna, kunnen nan nawa na wajen asabari ya daɗe ba ya ji sosai. Ban ji abin da kika ce ba, kuma kada ki maimaita. Ki koma gida ki dama masa kunu mai ɗumi. Idona na kansa safe da yamma, in na ga abin zai wuce gona da iri ni zan kashe wutar da hannuna. Kin yi shekaru kina gaya masa bai ji ba, wanzami ya gaya masa bai ji ba. Akwai mutumin da ba ya karɓar shaidar kowa sai ta haƙarƙarinsa. Ki bar su su gana."

Ba a kai ranar kasuwa ba. Washegari Barmu ya zo zaure ba kasko ba buta. Ya zauna a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Alƙali ya sallami kowa, ya aika aka kira Anaruwa, suka zauna su uku.

Barmu ya yi ta murza bakin rigarsa. Daga bisani ya ce, "Allah gafarta Malam, kayan nan da aka mayar mini... babu yadda za a yi a mayar wa ɓarawon abinsa?"

Alƙali ya ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ai kai ka nema." Ya jawo finjalai biyu, ya zuba shayin da ya dafa ya ajiye tun jiya, na ganyen zaure da na tsohuwar jakar, ya ɗiga musu ruwan ƙarfe, ya tura su gaban Barmu, baƙi da toka-toka. "Madugu, ka yi fatauci, ka san ɓarayi fiye da ni. Ɓarawo yakan ɗauki abin da zai amfane shi, ya bar ka da asara. Dubi tsakanin finjalan nan biyu, wannan shi ne abin da aka ɗauke maka. Ka kwana uku da shi, ka san ko mene ne. Yanzu gaya mini ribar ɓarawon. Itacensa ya ƙone, ruwansa ya zuba. Ya shanya, ya tsare kaji, ya zauna yana murza ganye ɗai-ɗai har ya koma kamar ba a taɓa ba, gabansa na faɗuwa duk motsin ƙofa. Ba rana ɗaya ba, tun damina. Abin da ya ɗauka kuma bai sha ba, bai sayar ba, a ƙasa ya zubar. Ni a iya karatuna ban ga babin da ya kira wannan sata ba. Ka zauna ka lissafa, a duk faɗin duniyar nan mutum nawa ne za su sha wannan wahala saboda tsoho mai faɗa irinka?"

Barmu ya lissafa. Lissafin bai yi tsawo ba. Hawaye ya gangaro ya shige cikin gemunsa, ya ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Ya juya ga Anaruwa. "Gajere, ka sani?"

"Raƙumi, ni na koya wa..."

"Kada ka faɗi suna!" Barmu ya ɗaga hannu. "Kai kuma ka zauna ina zagin ka a tsakiyar kasuwa, ka bar mutane suna mayar maka da kaya, ka yi shiru?"

Anaruwa ya ce, "To me zan yi? Ka taɓa ganin an tsayar da raƙumi da baki in ya tsinke? Sai a bar shi ya gaji. Kuma rumfa in ta faɗi ana sake kafa ta. Gidanka fa?"

Barmu ya kamo hannunsa ya riƙe. Can ya ce, "Ɗan gajeren banza." Anaruwa ya ce, "Na gode."

Alƙali ya ce, "To ga hukunci. Madugu, inda ka zubar da mutuncin abokinka, nan za ka je ka kwashe shi. Ranar kasuwa ka zauna a rumfarsa tun safe har a watse, duk wanda ya wuce ka gaya masa da bakinka cewa kai ka yi kuskure. Anaruwa, karɓi kwalbar nan, zan kuma nuna maka yadda ake haɗa ta. Ka ajiye a rumfa, duk mai shakka ya ɗiga ya gani da idonsa, kada a sake rataye sunan ɗan kasuwa a harshen maƙwabcinsa. Ɓarawo kuwa, ba zan kira sunansa ba, tun da mai ƙara ya janye. Amma ba zai tafi haka nan ba. Na yanke masa ya ci gaba da wannan sata har iyakar rayuwarsa. Kai kuma Madugu, na hana ka leƙa bayan rumbu."

Ranar kasuwa Barmu ya cika hukunci, har ya wuce. Ya zauna a rumfa yana kiran mutane da sunayensu, yana ɗiga ruwan ƙarfe a finjali yana cewa, "Ku duba! Baƙi wuluk! Ni ne tsohon banza, ba ganyen ba!" Aka ce Anaruwa bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Da aka tambayi Barmu wane ne ɓarawon, sai ya ce, "Ku tambayi mai daddawa, ita ta san su."

Da yamma ya koma gida da jakarsa cike da sabon ganye. Kuluwa na zaune a bakin madafa, hankalinta a tashe tun safe, don ba ta san abin da aka gaya masa ba. Ta yi masa sannu da zuwa ba ta ɗaga kai ba. Ya wuce ƙofar ɗakinsa bai shiga ba. Ya zo ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya, ya ajiye jakar a kan tabarmarta, kusa da gwiwarta.

Ya ce, yana kallon wani wuri can sama da katanga, "Kuluwa, ganyen nan na ga kamar ya kwashi datti a hanya. Ko za a ɗan ɗauraye mini shi?"

Ta dubi jakar, ta dube shi. Ta sa bakin zane ta share ido. Sannan ta ce, "Sau ɗaya ko sau biyu, Madugu?"

Ya ce, "Yadda aka saba."

Shi ya sa masu hankali suka ce, ma'auni yana gaya maka abin da aka rage, amma ba ya gaya maka don me aka rage, wannan aikin zuciya ne. Kafin ka kama hannun da ya ɗebe maka, tsaya ka duba tukuna: wataƙila ba dukiyarka ya ɗauka ba, kaya ya sauke maka.